Nomau da Kogin da Ya Maƙale a Dutsen Ƙanƙara

Da sunan Mai sama da ƙasa, Wanda ya ɓoye wuta a cikin dutse, ya rataye ruwa a cikin gajimare, ya ba kowace halitta dabarar kwana da tashi. Ku gyara zama, ya ku masu sauraro. Ni ne Nomau ɗan Bagudu, manomin albasa daga garin Kwarin Dundu, kuma abin da zan faɗa muku da ƙafata na taka shi, da idona na gan shi.

Garinmu yana bakin wani kogi da ake kira Zarnu. Kogin nan yana da wata ɗabi'a tasa shi kaɗai. Ba ya cika da damina. Sai tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan tsakar ka, sama fes babu ko gajimare ɗaya, sai a ji shi ya taho yana ruri, ruwansa sanyi ƙalau har haƙori na amsawa. Ba wanda ya taɓa tambayar daga ina yake. Mu dai mukan kafa jigo, mu ja ruwa, mu shuka albasa da alkama, mu gode wa Allah.

Sai wata shekara ya zo rabi. Ta biyu ya zo siriri kamar igiyar guga. Ta uku bai zo ba sam. Rijiyoyi suka ƙafe, lambuna suka koma ƙeƙasasshiyar ƙasa, mutane suka fara ɗaure kaya gida bayan gida.

Wata safiya matata Ladingo ta ajiye mini kunu ta ce, "Maigida, yayyena sun aiko. Sun ce mu bi su gabas, can akwai ruwa."

Na ce, "Ki ba ni lokaci in je in ga abin da ya riƙe kogin nan."

Ta dube ni ta ce, "Kai da albasa kaɗai ka sani, ina ka san hanya?"

Na ce, "Shi kogin ya bar sawunsa. Sawun zan bi."

Ta daɗe tana juya ludayi a cikin ƙwarya kafin ta ce, "Bazara ɗaya zan jira. In ta wuce babu kai babu ruwa, kada ka neme ni a gidan nan."

Na rataya gatari da burgamin guzuri, na shiga cikin busasshen kogi na mayar da shi hanya. Wata huɗu ina tafiya a kan yashi. Na wuce garin masunta inda kwale-kwale ke kife, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Na wuce ƙasar jajayen duwatsu inda iska ke kuka kamar sarewa. Sannan wata rana na hango fararen gajimare a arewa. Kwana tara ina kallonsu ba su motsa ba, sai a na goma na gane duwatsu ne, fari ya lulluɓe kawunansu.

Da na fara hawa sai na lura da wani abu: kowa saukowa yake. Tsuntsaye sun yi layi a sama sun nufi kudu. Bareyi suna gangarowa garke garke, manya a gaba, ƙanana a tsakiya. Har ƙudan zuma sun yi shiru. Ni kaɗai nake hawa, suna wuce ni suna waiwayena kamar sun ga mahaukaci.

Ranar da na shiga dajin wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, sama ta yi toka-toka, iska ta tsaya cak. Sai wani abu ya fara saukowa a hankali, fari, marar nauyi, kamar ana shiƙar auduga a sama. Na tara hannu, ya sauka a tafina, kafin in kai shi ido ya zama ɗigon ruwa. Na tsaya baki buɗe ina dariya ni kaɗai. Ban daɗe ina dariyar ba, sanyi ya shiga ƙasusuwana, irin sanyin da ban taɓa jin labarinsa ba.

Ina neman abin hura wuta sai na ga ƙananan tarin busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin duwatsu, an jera su tsaf kamar harawa, suna ƙamshin fure. Na kwashe uku na cinna musu wuta. Ina miƙa hannu ga na huɗu sai na ji sanda a bayan hannuna.

"Ɓarawon rumbu! Ajiye!"

Na juya. Wata tsohuwa ce gajeruwa, cikin bargon fatar akuya fari, fuskarta duk tamoji, idanunta kamar na shaho. Harshenta irin namu ne na mutanen kogi, sai dai ta kan ja ƙarshen magana.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ban ga gida a nan ba, balle rumbu."

Ta nuna da sanda. A kan wani dutse ga wata 'yar dabba kamar rema, mai zagayayyun kunnuwa, tana kallon tokar tana ƙara. Tsohuwa ta ce, "Ga mai gidan nan. Tun damina take yankan ciyawa baki baki, tana shanyawa, tana juyawa. Ita ba ta barcin sanyi, ba ta ƙaura. Abin da ka ƙona shi ne tuwonta na wata shida."

Kunya ta rufe ni. Tsohuwar nan, wadda ake kira Inna Sulmi, ba ta bar ni na huta ba sai da na bi ta gidanta, na ɗebo harawar awakinta na mayar ƙarƙashin duwatsun. Sannan ta ba ni madara mai zafi ta tambayi abin da ya kawo ni. Da na faɗa mata sai ta girgiza kai.

Ta ce, "Ɗana, koginku a nan yake kwana. Wannan farin da ka gani yana zuba, dusar ƙanƙara ce. Tana taruwa wata da watanni, in zafi ya zo ta narke ta gangaro. Shekara uku ke nan wani ɓangaren dutse ya zame ya toshe bakin tafkin da ke can sama. Ruwan ya juya ta baya, yana zuba cikin hamada inda ba kowa."

Na miƙe na ɗauki gatari. Ta ce, "Zauna. Hanyar ta rufe tun jiya. Wanda ya hau yanzu, sai da bazara a tsinci ƙashinsa."

Haka na zauna a gidanta, wani ɗaki na dutse da aka haƙa rabinsa cikin ƙasa, mu a gefe ɗaya, awaki shida a gefe ɗaya, numfashinsu yana ɗumama mu. Duniya ta yi fari fat. Ba ka jin motsin komai, sai in reshe ya sunkuya ya zubar da abin da ke kansa ya koma ya miƙe. Kwanaki suka riƙa shiga juna har na daina ƙirga su. Wani lokaci in na leƙa waje sai in ga kamar na mutu ne an kai ni wata ƙasa da ba a gama halittarta ba.

Wata rana na ce, "Inna, yaya kike zama a ƙasar da komai ya mutu?"

Ta yi dariya har da tari. "Ɗauko cebur ɗin katakon nan ka biyo ni."

Muka haƙa dusar har zurfin ƙirjina. Da muka kai ƙasa ta ce in sa hannu. Wallahi can ƙasan ya fi sama ɗumi. Na durƙusa na leƙa, sai ga wata duniya a ƙarƙashin farin rufi: hanyoyi sirara sun ratsa ta ko'ina, ɓeraye na kai da komo a ciki kamar 'yan kasuwa, da ɗakunansu na ciyawa, da ma'ajiyar iri. Haske mai shuɗi-shuɗi yana ratsowa daga sama. Ga wasu 'yan tsire-tsire kwance a ƙasa, kore shar, sun dunƙule kamar matashin kai.

Ta ce, "Dusar nan bargo ce. Shekarar da ba ta zuba da yawa ba, ita ce shekarar mutuwa."

Ta kai ni bakin wani rami da aka toshe da ƙasa, ta sa na kara kunne. Ban ji komai ba. Ta ce, "Akwai wasu masu kama da gafiya a ciki, goma sha, sun rungumi juna. Sun ci sun yi ƙiba da kaka. Yanzu zuciyarsu sai ta buga ɗaya, ka yi salati ka gama, sannan ta sake bugawa." Ta tona ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ta ɗauko kwaɗo, ta ɗora mini a hannu. Ya daskare kamar tsakuwa, idanunsa farare. Na ce wannan kam ya riga mu gidan gaskiya. Ta karɓe shi a hankali ta mayar, ta rufe shi da ganyensa, ta ce, "Kada ka yi masa ta'aziyya tukuna."

Akwai kuma wani tsuntsu mai kama da hankaka, toka-toka. Yakan sauka a fili inda babu wata alama, ya tona dusar, ya fito da ƙwayar itace da ya binne tun kaka. Inna ta ce dubbai yake binnewa, kuma waɗanda ya manta su ne dajin nan duka.

Da rana ta fara daɗewa a sama, Inna ta ce lokaci ya yi. Muka cika wa awaki harawa, muka bar su da wata maƙwabciyarta a kwarin ƙasa. Ta ba ni farin bargo irin nata, ta ɗaura mini wasu faifai na sassaƙen reshe a ƙafa don kada in nutse. Ta ce daga zomon dutse aka koya, shi da tafin ƙafarsa ke faɗi, gashinsa ya koma fari in sanyi ya zo.

A rana ta biyu muna ratsa wani fili sai ta kama hannuna ta raɗa, "Kwanta. Ja bargon ka rufe kanka. Kada ka motsa ko ƙifta ido." Na kwanta. Ta wata 'yar kafa na hango damisa, fara mai baƙin tabo, wutsiyarta doguwa mai kauri, tana tafiya ba a jin sawunta kamar hayaƙi. Ta tsaya kusa da mu har ina ganin tururin numfashinta. Iska daga wajenta take busowa, ba ta ji warinmu ba. Ta dube mu, tudu biyu farare a cikin farin fili, ta yi hamma, ta wuce bin sawun awakin dutse.

A rana ta uku da hantsi guguwa ta taso. Sama da ƙasa suka zama abu ɗaya, ban iya ganin hannuna ba. Na ce mu gudu mu nemi kogo. Inna ta ƙwala mini ihu a kunne, "Ba gudu! Haƙa! Yadda fakarar dutse ke yi!" Na tuna na taɓa ganin fakarar nan ta faɗa cikin dusa da ka ta ɓace. Muka haƙa rami a jikin tudu, muka shige, muka toshe bakin, ta soke rufin da sanda don numfashi. Nan take kukan iska ya koma nesa kamar ana daka a wata unguwa.

Kwana biyu muka yi a ciki. Inna ta fara sanyi, maganarta ta koma ta yara, tana kiran sunayen mutanen da ban sani ba. Na cire ƙyallayen da na naɗe ƙafata ta hagu da su na naɗe mata ƙirji, na rungume ta kamar masu barcin ramin nan, ina ta ba ta labarin yadda ake dashen albasa don kada ta yi barci. Da iska ta lafa muka fasa rufin muka fito. Ta rayu. Amma yatsu biyu na ƙafata sun yi baƙi kamar gawayi.

Ta dube su ta ce, "Itace ma yakan bar reshe don gindi ya tsira. Cije bargon nan." Da wuƙarta ta raba ni da su, ta shafa ƙaron itace ta ɗaure.

Muka isa tafkin ina dogara sanda. Ya daskare, shimfiɗe kamar faranti tsakanin duwatsu. A bakinsa, inda kogi ke fita a da, ga wani dutse da ya fi rumbu uku girma ya maƙale a mashigar, tarkace sun taru a bayansa. Tun daga samansa akwai wata tsaga da yatsa ɗaya ke shiga. Muka sauka a wata bukkar makiyaya ta dutse. Da ƙafata ta yi sauƙi na hau dutsen da gatari. Sara na bakwai bakin gatarin ya karye, dutsen ko gezau.

Na zauna na yi kuka kamar yaro. Na tuna Ladingo tana duban busasshen yashi. Ranar ko tulun da na ciko da ruwa ban shigar da shi ɗaki ba, a ƙofa na manta shi.

Da safe na ji Inna tana faɗa. "Kai dai ɓarna ke bin ka! Tulu ɗaya gare mu, ka bar shi a waje da ruwa, ga shi ya fashe!"

Na fito. Tulun ya rabe biyu, ƙanƙara na tsaye a tsakiya da siffarsa. Na tsura masa ido. Na ce, "Inna, wa ya fasa shi?"

"Ruwan mana. In ya daskare kumbura yake. Shi ya sa itatuwan nan ke rage ruwan jikinsu kafin sanyi, su bar ƙaro, don kada su tsage."

Na dubi tulun, na dubi dutsen. Ita ma ta bi idona da kallo. Sannan ta ce, "Ɗauko tukunya."

Muka toshe gefen tsagar da gansakuka da laka. Kullum da la'asar sai mu narkar da dusa a tukunya, in hau in ɗura a tsagar har ta cika. Kafin gari ya waye ruwan ya daskare. Da rana ta take sai ya narke ya ƙara nutsawa ciki, mu sake cikawa. Kwana goma ban ga wani canji ba. A na ashirin yatsu biyu suka shiga. A na talatin da biyar tafin hannuna ya shige. Wani lokaci da sanyin safiya mukan ji dutsen ya yi ƙas, kamar tsoho na miƙa.

Ana haka duniya ta fara farkawa. Ruwa ya fara ɗiga daga kowane reshe, dutse duka ya ɗauki waƙar ɗis-ɗis. Wasu furanni masu launin shuni suka huda dusa da kansu suka fito, kowanne da ɗan zagayen da ɗuminsa ya narkar. Masu barcin rami suka buɗe ƙofa, ramammu, suna layi kamar masu maye. Wata safiya Inna ta kira ni bakin wani kududdufi ta nuna mini kwaɗi irin wanda ta ɗora mini a hannu, sun cika wurin da kuka. Ta ce, "To, ga waɗanda ka so yi wa ta'aziyya."

Tafkin ya narke ya fara hawa, yana matsa dutsen daga baya. A rana ta hamsin da biyu ina tsaye a kansa da tukunya a hannu sai na ji ya motsa a ƙarƙashina. Inna ta yi ihu daga gefe, "Nomau! Reshe!" Akwai wani itace da ya karkato daga jikin gangare. Na jefar da tukunya na yi tsalle da ƙafata mai lafiya, na cafki reshensa. Ya sunkuya da ni har ƙafafuna suka taɓa kumfa, na ce shi ke nan, amma reshen da ya saba ɗaukar nauyin dusa bai karye ba. Ya lanƙwasa, ya dawo da ni sama. A ƙarƙashina dutsen ya rabe biyu da ƙara kamar aradu, ruwa ya ɓalle, fari, yana tura duwatsu gabansa kamar awaki, ya nufi kudu.

Na rarrafo na sauka. Inna Sulmi tana zaune a kan dutse tana kallon ruwan, hawaye na bin tamojin fuskarta. Na ce ta biyo ni garinmu, Ladingo za ta riƙe ta kamar uwa.

Ta ce, "In je in narke? Tafi, ɗana. Ruwan ya riga ka, kuma ba ya ɗingishi."

Na durƙusa na yi mata godiya. Ta dafa kaina, ta juya ta nufi wajen awakinta, ba ta waiwayo ba.

Wata biyar na yi a hanyar komowa, domin yanzu babu yashin bi, sai gefen ruwa. A garin masunta na tarar an kori kaji daga kwale-kwale. Da na hango Kwarin Dundu damina ta riga ta wuce, bazarar da aka ba ni ta daɗe da shuɗewa. Lambuna sun yi kore, jigo na ta sunkuyawa yana ɗagowa. A bakin kasuwa na gaya wa mutane abin da ya faru, suka yi dariya. Wani ya ce kogi ya gaji da fushi ne ya dawo don kansa. Wani ya ce zafin hanya ya taɓa Nomau, wai ruwa ya fasa dutse a ƙasar da auduga ke zuba daga sama. Ban yi musu da kowa ba. Na nufi gida, ban san ko zan tarar da ƙofa a rufe ba.

A buɗe take. Ladingo tana tsakar gida tana ware irin albasa a faifai. Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta tashi ta shimfiɗa tabarma, ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta kwance tsumman ƙafafuna. Tana wankewa sai hannunta ya tsaya. Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.

Ta ce, "Maigida, takwas na gani. Ina biyun?"

Na ce, "Suna can sama, wajen kan kogi."

Ta riƙe ƙafar a tafin hannunta, ta sunkuyar da kai, na ji ɗumin hawayenta yana sauka a kan tabon. Da ta ɗago sai ta share ido da bakin zane ta ce, "To, ka ci abinci ka huta. Gobe da sassafe akwai ban ruwa, da takwas ɗin za ka taka."

Nan hikayata ta sauke kaya. Allah ya ba mai ji da mai faɗa lafiyar ƙafa.